Yaushe Ƙasashe Suka Fara Cire Luwaɗi Daga Jerin Laifuffuka, Kuma Ta Wace Hanya?

"Barista, barka da aiki. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. Musu ne ya kaure tsakanin abokan aikina: wani ya ce Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana dokar da ta haramta luwaɗi, wani ya ce a'a, ai Turawan ne ma ke matsa mana lamba mu soke ta. Don Allah a fayyace mana, yaushe ƙasashen duniya suka fara cire wannan abu daga cikin laifuffuka, me ya sa, kuma ta yaya aka yi?"

Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan tambaya. Kowanne daga cikin abokan aikin naka ya riƙo wani ɓangare na gaskiya ya saki wani. Abu uku ka nema: lokaci, dalili, da hanyar da aka bi. Zan amsa maka a matsayina na lauya mai koyar da tarihin dokoki. Hukuncin abin a addini sananne ne, kuma fagen malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka yadda rubutattun dokokin ƙasashe suka yi ta sauyawa.

Kafin mu yi nisa, a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Idan aka ce ƙasa ta cire luwaɗi ko maɗigo daga laifuffuka, ana nufin ɗan sanda ba zai kama baligai biyu ba, mai gabatar da ƙara kuma ba zai gurfanar da su ba, a kan abin da suka yi a ɓoye bisa yardar juna. Fyaɗe yana nan a matsayin laifi, haka lalata da yara, haka aikata baɗala a bainar jama'a. Auren jinsi kuwa wata magana ce daban. Ƙasar Holan ta cire hukuncin tun 1811, amma sai 2001 ta amince da auren, kuma ita ce ta farko a duniya. Shekara 190 ke nan a tsakani. A yau ƙasashe sama da 60 ne ke hukunta abin, waɗanda suka amince da auren kuma ba su kai 40 ba. Ragowar, waɗanda su ne suka fi yawa, suna tsakiya: kundinsu bai hukunta abin ba, ba sa kuma ɗaura wa kowa irin wannan aure.

Faransa ta yi shiru, Ingila ta rubuta

Mafarin labarin a Turai shi ne juyin juya halin Faransa. A 1791 sabuwar majalisa ta rubuta kundin laifuffuka, ta bar duk laifuffukan da take ganin na coci ne, irin su saɓo da sihiri da bidi'a, har da luwaɗi. Babu wata zanga-zanga da aka yi a kai, babu wata ƙungiya da ta nema. Masu juyin suna faɗa ne da ikon limaman coci a kan hukuma, shi kuma wannan ya fita tare da sauran. Kundin Napoliyon na 1810 ya ci gaba da wannan shiru, kuma duk inda sojojinsa ko lauyoyinsa suka sa ƙafa, kundin ya bi su. Ta haka Holan ta samu nata. Burazil ta bi a 1830, Italiya a 1889. Hatta Daular Usmaniyya ta Turkiyya, da ta rubuta kundinta na 1858 bisa kwaikwayon na Faransa, ba ta sa hukunci a kan abin da aka yi a ɓoye ba, ko da yake masana tarihi suna musu a kan ko da gangan aka yi hakan. Har yau dai dokar Turkiyya ba ta ambaci abin a matsayin laifi ba.

Ingila ta bi wata hanya daban. A 1533 Sarki Henry na Takwas ya ƙwace wannan shari'a daga kotunan coci ya mayar da ita ta hukuma, da hukuncin rataya. An yi ta rataye mutane har 1835. A 1861 aka mayar da hukuncin ɗauri, a 1885 kuma aka faɗaɗa dokar ta haɗa da duk wani "aikin rashin kunya" tsakanin maza, ko da a cikin ɗaki aka yi shi. Da wannan sashe ne aka kama Alan Turing a 1952, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirri na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu.

To a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Wani Baturen Ingila, Thomas Macaulay, ya tsara wa Indiya kundin laifuffuka, wanda ya zama doka a 1860, kuma a cikinsa akwai sashe na 377 da ya haramta "saduwar da ta saɓa wa tsarin halitta da namiji ko mace ko dabba". Ingilishi suka ga kundin ya yi musu, suka riƙa ɗaukar sa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Sudan ta samu nata a 1899. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan da Farfesa Anderson daga Landan, suka ba da shawarar a ɗauko samfurin Sudan. Haka aka haifi Final Kod, wato kundin laifuffuka na Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960. Kudu kuma ta ci gaba da kundin da aka kwaikwayo daga jihar Queensland ta Ostareliya, wanda Lugga ya fara kawowa Arewa a 1904 kafin a shimfiɗa shi ga ƙasar duka a 1916.

A aji nakan rubuta wa ɗalibai sashe na 377 na Indiya a gefe guda na allo, in rubuta sashe na 284 na Final Kod a ɗaya gefen, ban faɗi wanne ne na wa ba, in ce su nuna mini namu. Sai ka ga an tsaya ana kallon allo, domin kalmomin kusan ɗaya ne. Yawanci wanda ya gane, ta wajen hukuncin yake ganewa, saboda ya haddace cewa namu ɗaurin shekara 14 ne.

Saboda haka abokinka na farko yana da gaskiya a kan lafazin dokar da lambar sashenta. Inda ya zame shi ne ya ɗauka babu komai kafin zuwan Bature. Alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci da fiƙihun Malikiyya tun kafin a san Lugga, kuma littattafan Malikiyya sun sanya jifa a kan luwaɗi idan ya tabbata da shaidu huɗu ko da iƙirari, alhali a wajen Imamu Abu Hanifa ta'aziri ne. Haramcin ya riga Bature zuwa; sashen ne Bature ya kawo. Ka duba maƙwabtanmu ka ga bambancin: Nijar da Mali da Burkina Faso da Kwaddibuwa, da yake Faransa ce ta mallake su, sun yi shekaru da yawa bayan samun 'yancin kai ba tare da irin wannan sashe ba, ba don jama'arsu sun fi namu sassauci ba. Bahaushen Maraɗi da Bahaushen Katsina ra'ayinsu ɗaya ne a kan wannan magana, kundin da suka gada ne ya bambanta.

Zunubi da laifi

Canjin da ya fi tasiri a ƙarni na 20 daga Ingila ɗin dai ya fito. Bayan yaƙi kame ya yi yawa, har ya kai ga manyan mutane, jaridu suka yi ta yayatawa. A 1954 gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin John Wolfenden, shugaban Jami'ar Reading, ya fitar da rahoto a 1957. Kwamitin bai ce abin mai kyau ne ba. Cewa ya yi aikin dokar laifuffuka shi ne tsare zaman lafiya da kare masu rauni daga cutarwa, kuma akwai wani yanki na rayuwar mutum a ɓoye da ba huruminta ba ne. Wani abin da zai ba ka mamaki, sashen kula da tarbiyya na Cocin Ingila ya goyi bayan gyaran, yana mai cewa abin zunubi ne amma ba kowane zunubi ne ake kai wa gaban ɗan sanda ba. Akwai kuma dalili na zahiri: dokar ta zama jarin masu karɓar kuɗi da barazanar tona asiri, domin wanda aka yi wa barazanar ba shi da bakin kai ƙara.

Wannan rahoto ya haifar da muhawarar da har gobe ake koyar da ita a kowace tsangayar shari'a. Alƙali Patrick Devlin ya ce tarbiyyar da jama'a suka yi tarayya a kanta ita ce ke riƙe da al'umma, don haka al'umma tana da ikon kare ta da doka, ko da babu wanda aka cuta kai tsaye. Farfesa Hart na Oxford ya mayar masa da cewa ƙyamar da mafi rinjaye ke ji ba ta isa hujjar ɗaure mutum ba, sai an nuna cutar da ya yi wa wani. Idan na gabatar da wannan muhawara, mafi yawan ɗalibaina bayan Devlin suke bi, kuma ba na mamaki. Abin da nake nema daga gare su kawai shi ne su amsa tambayar Hart: wane ne zai tantance tarbiyyar jama'a a ƙasa mai addinai da al'adu da yawa, kuma idan wata rana rinjayen ya juya ya ƙyamaci abin da kai kake yi fa? Mai bin Hart shi ma ina da tasa tambayar: shin akwai wata ƙasa a duniya da dokarta ba ta tsaya a kan wata tarbiyya ba?

Sai da aka shekara goma kafin majalisa ta yi aiki da rahoton. Dokar 1967 ta shafi Ingila da Wales ne kawai, ga waɗanda suka kai shekara 21, kuma su biyu rak a keɓe. Kanada ta bi a 1969. A Amurka jihar Illinois ce ta fara, a 1961. Jamus tana da nata sashe na 175 tun 1871, wanda 'yan Nazi suka tsananta a 1935 suka hukunta maza kimanin 50,000 da shi. Jamus ta Gabas ta sassauta a 1968, ta Yamma a 1969, amma sai 1994 aka share sashen gaba ɗaya. Likitoci ma sun ba da tasu gudummawa: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya a 1990. Zuwan cutar ƙanjamau ya ƙara wata hujja, domin ma'aikatan lafiya sun koka cewa mai tsoron kamu ba ya zuwa gwaji.

Lokacin da alƙalai suka karɓi ragamar

Daga 1981 salon ya canza. Wani mutumin Ireland ta Arewa, Jeffrey Dudgeon, ya kai Birtaniya ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, kotun ta ce dokar ta keta haƙƙin sirrin rayuwa. Da wannan hukunci aka bi Jamhuriyar Ireland, wadda ta soke tata a 1993, da Cyprus a 1998. Ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ke neman shiga ƙungiyoyin Turai su ma sun soke nasu, da yawa cikinsu don cika sharaɗi, ba don ra'ayin jama'a ya sauya ba. A 1994 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke irin wannan hukunci a ƙarar Toonen a kan jihar Tasmania ta Ostareliya. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar jihar Georgia a 1986 da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, sannan ta warware maganarta da kanta a 2003, 6 a kan 3, ta rushe dokar Texas da ta wasu jihohi 13.

Labarin Indiya ya fi kowanne jan hankalina, tunda sashenta ne kakan namu. A 2009 Babbar Kotun Delhi ta ce sashe na 377 ba zai hau kan baligai masu yardar juna ba. Ƙungiyoyin addini, Hindu da Musulmi da Kirista, suka ɗaukaka ƙara, a 2013 alƙalai biyu na Kotun Ƙoli suka mayar da sashen, suka ce gyaran doka aikin majalisa ne. Majalisa ta ƙi taɓawa. A 2017 Kotun Ƙolin ta yanke a wata shari'a daban, wadda ta taso daga rajistar shaidar ɗan ƙasa, cewa sirrin rayuwa haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. A kan wannan tubali alƙalai biyar suka haɗu baki ɗaya ranar 6 ga Satumba, 2018, suka cire baligai daga ƙarƙashin sashen. Amma da aka koma wa kotun nan a 2023 ana neman ta halatta auren jinsi, sai ta ƙi. Singafo ta ma fi fito da abin fili: a rana ɗaya a Nuwamban 2022 majalisarta ta soke sashe na 377A, ta kuma gyara tsarin mulki yadda kotu ba za ta iya taɓa ma'anar aure tsakanin namiji da mace ba.

Ba hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ba

Ana yawan ba da wannan tarihi kamar jirgin ƙasa ne da ya ɗauki layi, kowace ƙasa na jiran tasharta. Ban yarda da hakan ba. Rasha ta cire hukuncin bayan juyin 1917, Stalin ya dawo da shi a 1934, Yeltsin ya sake cirewa a 1993, sannan a 2013 aka yi dokar hana yayata abin. Gabon ta sanya hukunci a 2019 ta janye a 2020. Kotu a Trinidad da Tobago ta rushe dokar a 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a 2025. Iraƙi ta kafa sabuwar doka mai tsanani a 2024. Akwai kuma inda kundi bai ambaci abin ba amma ana kame: Masar tana amfani da dokar hana karuwanci da fasiƙanci ta 1961, da ita aka gurfanar da maza 52 a Alƙahira a 2001.

A Afirka abin ya rabu gida biyu. Afirka ta Kudu ta sa haramcin nuna bambanci a tsarin mulkinta na 1996, bayan ɗanɗanar wariyar launin fata, kotu ta rushe tsohuwar dokar a 1998, aka amince da aure a 2006. Ƙasashen da Fotugal ta mallaka sun bi hanyar Faransa ta 1791, wato sake rubuta kundi a bar sashen ba tare da hayaniya ba: Cape Verde a 2004, Mozambik a 2015, Angola wadda sabon kundinta ya fara aiki a 2021. Botsuwana a 2019, Mauritius a 2023 da Namibiya a 2024 ta kotu suka bi. A ɗaya ɓangaren, Babbar Kotun Kenya ta ƙi a 2019, Yuganda ta kafa doka mai ɗauke da hukuncin kisa a 2023. Ƙasashen renon Faransa da ba su gaji sashen ba kuwa, da hannunsu suka rubuta shi: Kamaru a 1972, Chadi a 2017, Mali a 2024, Burkina Faso a 2025. Waɗannan dai ba za a ce Bature ne ya kawo musu ba.

A nan abokinka na biyu yake da gaskiya. Matsin lamba daga waje yana nan, ba a ɓoye ake yi ba. A Oktoban 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya ce za a iya rage tallafi ga ƙasashen da ke da irin waɗannan dokoki. Bai cika wata biyu ba Majalisar Dattawan Nijeriya ta zartar da ƙudurin hana auren jinsi. Bankin Duniya ya dakatar da sababbin basussuka ga Yuganda a 2023, dokar tana nan. A fahimtata irin wannan barazana takan ƙara wa dokar farin jini ne, domin ta mayar da ita maganar 'yancin kai. Inda canji ya zauna da gindinsa kuwa, ko dai ra'ayin jama'a ya riga ya motsa kafin doka ta biyo baya, ko kuma an yi shi a cikin gyaran kundi gaba ɗaya ba tare da ganga ba.

Mu fa?

Nijeriya tana da dokoki hawa-hawa: sashe na 214 na kundin Kudu, sashe na 284 na Final Kod, kundayen Shari'ar Musulunci da jihohi 12 suka kafa tun daga Zamfara a 2000, sai dokar tarayya ta hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko tallafa mata.

Abin da nake gani a ofis ya bambanta da abin da ke cikin littafi. Shari'ar da ake yi har a kai ga cikakkiyar hujja kaɗan ce, domin abin da aka yi a ɓoye da wuya a samu shaidarsa. Abin da ya fi zuwa shi ne uba ya shigo riƙe da hular a hannu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce wasu sun yaudari ɗansa zuwa wani gida, sun ƙwace masa waya, sun ɗauke shi hoto, yanzu kullum sai an turo lambar asusu. Ko kuma a yi faɗa a kan bashi ko fili, wani ya jefa wa wani wannan kalma, kafin a ankara unguwa ta taru da sanduna. Babu dokar da ta halatta wannan, ta Bature ko ta Musulunci. Shari'ar da ta sanya haddi ita ce ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu ba.

Game da ko za a iya sokewa a nan kamar yadda aka yi a Indiya, hanyar shari'a tana da sarƙaƙiya. Yawancin dokokin laifuffuka na jihohi ne, don haka Majalisar Tarayya ba za ta iya share su da ƙuduri ɗaya ba. Tun 1993 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yanke hukuncin Toonen a kanta, amma sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai majalisa ta mayar da ita doka. Sashe na 37 ya kare sirrin rayuwa, sai dai sashe na 45 ya ba hukuma damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tarbiyyar jama'a, wato kusan hujjar Devlin ce aka rubuta a cikin tsarin mulki. An gwada ƙalubalantar dokar 2014 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja a shekarar da aka sa mata hannu. Kotun ba ta ma shiga gundarin maganar ba, ta kori ƙarar bisa cewa mai ƙarar bai nuna yadda dokar ta shafe shi ba, don haka ba shi da hurumin shigar da ita.